Yadda Likitoci Ke Ɗora Karayar Muƙamuƙi da Sukuru

'Yan'uwana ɗalibai da sauran masu karanta wannan mujalla tamu, abin da nake so mu yi nazari a kansa a wannan karo shi ne karayar muƙamuƙin ƙasa, da yadda likitocin zamani suke ɗora ta da sukuru, watau irin ƙusar nan mai murɗi wadda ake ɗaurawa da sukurudireba. Na san wani zai yi mamaki, ya ce me ya haɗa kayan kafinta da bakin ɗan Adam? To, a biyo ni sannu a hankali, in Allah ya yarda kafin mu kai ƙarshe za a ga abin da ya haɗa su.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu kuwa shi ne, a nan ƙasarmu ta Malisa da Gwandu har zuwa Kalgo, babur ya zama jakin kowa. Da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti, da yawa daga cikinmu ma kabu-kabu ne ke kawo mu makaranta. Ga shi kuwa hular kwano ba ta dame mu ba. In mutum ya faɗi daga kan babur, sau da yawa haɓarsa ce take fara isa ƙasa. Ban da babur akwai harbin jaki da na doki, da faɗowa daga bisa mangwaro, da naushi a fagen dambe ko wajen faɗa. Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun a shekarar 1980 wani likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi da ya yi aiki a Kaduna, mai suna E. O. Adekeye, ya buga nazarin da ya yi a kan mutum 1,447 waɗanda suka sami karaya a ƙasusuwan fuska. Ya tarar haɗarin hanya ne ya jawo mafi yawanta, kuma galibin waɗanda abin ya shafa maza ne.

Ƙirar Muƙamuƙi

Kowa ya sa yatsa a gaban kunnensa, ya buɗe baki ya rufe. Wurin da ya ji yana motsi, nan ne mahaɗar muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. Daga nan ƙashin ya gangaro, ya yi kusurwa a ƙarƙashin kunne, ya miƙe ya zagayo ta haɓa, sa'an nan ya koma ɗaya kunnen. Watau ƙashi ɗaya ne lanƙwasasshe kamar awarwaro. Shi ke ɗauke da haƙoran ƙasa, guda 16 ga baligi. A cikinsa akwai wata 'yar hanya da jijiya ke bi, ta ɓullo ta wani ɗan rami a kowane gefen haɓa. Wannan jijiya ita ke sa mu ji in an taɓa leɓenmu na ƙasa.

Wurare uku ne suka fi rauni a jikinsa: siririn wuyansa da ke gaban kunne, da kusurwa, musamman in haƙorin ƙarshe ya maƙale a ciki bai fito ba, da kuma gefen haɓa inda fiƙa take da doguwar saiwa. Duk wanda ya taɓa karya awarwaron gilashi ya san da wuya ya karye a wuri ɗaya. Haka muƙamuƙi yake. In likita ya ga karaya a gefen haɓa ta dama, lalle sai ya duba kusurwa ko gaban kunne na hagu.

Har ila yau akwai tsokoki masu ƙarfi manne da shi. Waɗansu suna jansa sama, su ne na tauna, waɗansu kuma a ƙarƙashin haɓa suna jansa ƙasa da baya. Muddin ƙashin yana lafiya, aikinsu a daidaite yake. Da zarar ya karye, sai kowace tsoka ta ja gutsuren da ke hannunta, bakin karayar ya goce.

Alamomi da Taimakon Farko

Babbar alamar karayar muƙamuƙi ita ce mutum ya rufe baki ya ji haƙoransa ba su haɗu yadda suka saba ba. Akwai kuma zafi da kumburi, da dalalar miyau gauraye da jini, da kasa buɗe baki sosai, da taruwar jini a ƙarƙashin harshe, da mutuwar leɓen ƙasa in jijiyar nan ta taɓu. Wani lokaci ma za a ga jerin haƙora ya yi hawa biyu, wani sashe sama wani ƙasa.

Amma fa a lura, abin da ya fi saurin halaka mutum a wannan hali shi ne toshewar numfashi. Jini da gutsattsarin haƙora kan faɗa maƙogwaro. In kuma ƙashin ya karye a gefen haɓa duka biyu, harshe ya rasa madogara ke nan, yana iya zamewa baya ya rufe hanyar iska. Saboda haka kada a kwantar da shi rigingine. In yana cikin hayyacinsa, a bar shi ya zauna ya sunkuyar da kai gaba. In ya suma, a juya shi ta gefe, wani ya riƙe kai da wuya su juya tare da jiki, domin mai yiwuwa ne wuyan ma ya taɓu. Kada a ba shi abinci ko ruwa, don ba a sani ba ko za a yi masa allurar barci. A gaggauta kai shi asibiti mafi kusa, kamar na Gwandu, su kuwa su san inda za su tura shi, ko manyan asibitocin Birnin Kebbi da Kalgo, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai sashe na musamman na tiyatar haƙori da muƙamuƙi.

Me Ya Sa Karan Ɗori Bai Isa Ba?

Mu Hausawa in an ce karaya, maɗori muke fara tunawa, kuma ba wanda zai raina sana'ar da aka gada kaka da kakanni. Amma muƙamuƙi ya bambanta da ƙafa ta fuska uku.

Na farko, ƙafa miƙaƙƙiya ce, ana iya jera mata karare a ɗaure, mai ita ya kwanta ya huta. Muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe ne, ba wurin jera kara, kuma ba ya hutawa. Ko mutum bai ci ba bai yi magana ba, sai ya haɗiyi miyau dare da rana, kowace haɗiya kuwa motsi ce. Ƙashin da ke motsi ba ya haɗewa.

Na biyu, in karaya ta bi ta inda haƙora suke, galibi dasashi yakan yage, sai miyau da ƙwayoyin cuta na baki su riƙa shiga har cikin ƙashi. In an yi jinkiri sai wurin ya yi ruwa, ya fara fid da mugunya.

Na uku, haƙori ba ya yafe kuskure. Ƙashin ƙafa in ya ɗan goce kaɗan ya warke, mai shi zai yi tafiyarsa. Amma wanda ya taɓa tauna ƙwayar yashi a cikin tuwon shinkafa ya san yadda haƙora ke gane abu komai ƙanƙantarsa. In muƙamuƙi ya warke a karkace, tauna ta lalace ke nan, gyara kuwa sai an sake yanka ƙashin a asibiti. Don haka ƙa'idar likitoci ta farko ita ce, a mai da haƙora mazauninsu tukuna, sa'an nan a kafe ƙashin a haka.

Ɗan Tarihi

Mutanen dā ma sun sha fama da wannan karaya. A cikin wata tsohuwar takardar likitanci ta ƙasar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (alaihis salam), an ambaci karayar muƙamuƙi, aka sa wadda ta zo da buɗaɗɗen rauni da zazzaɓi cikin cututtukan da likita ba shi da dabararsu. Daga baya Hippocrates na ƙasar Girka ya koyar da a ɗaure haƙoran da ke gefen karaya da zaren zinariya. Shahararren likitan Musulmi na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a shekarar 1013, shi ma ya yi bayanin irin wannan ɗauri a cikin littafinsa At-Tasrif.

Daga nan ne aka sami hanyar da ake bi har gobe, watau ɗaure baki da waya. Likita zai ɗaura siririn ƙarfe a jikin haƙoran sama, wani a na ƙasa, sa'an nan ya haɗe su da waya, muƙamuƙin sama ya zama shi ne karan ɗorin na ƙasa. Hanya ce mai kyau mai sauƙin kuɗi, amma tana da wahala. Mako 4 zuwa 6 mutum zai yi bakinsa a rufe, ba abin da zai shiga sai mai ruwa-ruwa ta tsakanin haƙora. Yakan rame, magana ta yi wuya, wanke baki ya gagara, in kuma amai ya taso akwai haɗari. Ga mai farfaɗiya ma abin ya fi muni.

Wannan ya sa likitoci suka yi ta neman hanyar da za a riƙe ƙashin daga jikinsa. A shekarar 1886 wani likitan Hambug ta ƙasar Jamus mai suna Hansmann ya gwada ɗaura fallen ƙarfe da sukuru a kan karaya, amma ƙarafan wancan zamani suna tsatsa, raunuka kuma suna ruɓewa. Sai a 1958 waɗansu likitocin ƙasar Suwizalan, cikinsu har da Maurice Müller, suka kafa ƙungiyar nazarin ɗori da ƙarfe, suka tsara ƙa'idojinsa. A 1968 Hans Luhr na Jamus ya fito da falle na musamman don muƙamuƙi. A 1970 Brons da Boering na ƙasar Holan suka ba da labarin ɗora muƙamuƙi da sukuru mai jawo ƙashi. A 1973 Michelet na Faransa ya kawo ƙananan fallaye da ake sawa ta cikin baki, Champy da abokan aikinsa a birnin Strasbourg suka kyautata dabarar a shekarun da suka biyo.

Matsalar tsatsa kuwa wani ƙarfe mai suna taitaniyam yana cikin waɗanda suka warware ta. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa a cikin jiki, maganaɗisu ba ya jansa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Brånemark, ya lura a shekarar 1952 cewa ƙashin zomo ya manne da wannan ƙarfe ƙam har ya ƙi ciruwa, alamar jiki bai ɗauke shi baƙo ba.

Sukuru Mai Jawo Ƙashi

Yanzu mun iso zuciyar darasinmu. Ina roƙon duk mai hali ya gwada wannan a ɗakin koyon aikin katako, ko wajen kafintan unguwarsu. A sami guntayen katako biyu, a ɗora ɗaya bisa ɗaya, a bar ɗan tsakani kamar kaurin kwali. A huda su da rami ɗaya matsattse, a ɗaura sukuru. Za a ga komai ƙarfin murɗawa tsakanin nan ba zai rufe ba, domin zanen da ya kewaye jikin sukuru, wanda makanikai ke kira tiredi, ya kama katakon sama ya kama na ƙasa, ya kafe kowanne a inda ya same shi.

To, a sake gwadawa, amma a wannan karo a faɗaɗa ramin katakon sama yadda sukuru zai zurma ba tare da ya kama komai ba, a bar ramin na ƙasa a matse. Da an fara murɗawa, tiredi zai ciji katakon ƙasa kaɗai ya jawo shi, kan sukuru kuma ya danne na sama, sai ka ga katakan sun haɗe kamar ba a taɓa raba su ba.

Wannan ita ce dabarar da likita ke yi wa ƙashi. In sukurun mai kaurin milimita 2.4 ne, sai ya huda gutsuren da ke kusa da shi da rami mai faɗin milimita 2.4, na nesa kuma da rami mai faɗin milimita 1.8. Yakan ɗan fafe bakin ramin don kan sukuru ya zauna daidai, kada ya tsaga ƙashi. Dole ne kuma sukurun ya ratsa karayar a miƙe, ya gicciye ta sosai, domin in ya shiga a karkace, maimakon ya matse gutsattsarin sai ya sa ɗaya ya zame bisa ɗaya. Galibi guda biyu ake sawa, saboda abin da aka kafe da ƙusa ɗaya yana iya juyawa a kanta.

Amfanin wannan matsi shi ne, in fuskokin karaya suka haɗu ƙam ba motsi, sabon ƙashi yakan ratsa kai tsaye daga wannan gefe zuwa wancan, ba sai an yi ƙullutun nan da muke ji a ƙafar wanda aka yi wa ɗori ba. Inda dabarar ta fi dacewa shi ne haɓa, domin lanƙwasar wurin tana ba dogon sukuru damar ratsawa daga gefe zuwa gefe a ƙarƙashin saiwoyin haƙora, da kuma karayar da ta tafi a jirkice kamar yankan rake. A shekarar 1991 likitoci biyu a Amurka, Ellis da Ghali, sun buga sakamakon aikinsu a kan karayar haɓa da irin wannan sukuru, abin da ya ƙara yaɗa dabarar. Amma in ƙashin ya ragargaje, ko wani yanki ya ɓace, ba a yin ta, don matsi zai tsuke muƙamuƙin ya ɓata zaman haƙora.

Falle da Ƙananan Sukurori

Hanya ta biyu, wadda ma aka fi bi, ita ce a shimfiɗa ɗan fallen taitaniyam mai ramuka a kan karaya, a ɗaure shi da sukurori, aƙalla biyu a kowane gefe. Kaurin fallen kamar milimita 1 ne, sukurorin kuwa gajeru ne, iyakarsu ɓawon ƙashi na waje, don kada su taɓa saiwar haƙori ko jijiya.

Yaya ɗan wannan abu zai iya da ƙarfin tauna? Asirin yana ga wurin da aka sa shi. A ɗauki karan dawa a lanƙwasa: bayansa ne ke tsagewa, cikinsa kuwa matsewa yake yi. Champy ya nuna cewa in mutum ya ciza, gefen muƙamuƙi na sama, wajen haƙora, shi ke neman buɗewa, na ƙasa kuma yana matse kansa da kansa. Saboda haka in an sa falle a gefen da ke buɗewa, ya wadatar. A kusurwa falle ɗaya ake sawa, a haɓa kuwa biyu, domin can ƙashin har murɗewa yake yi.

Yadda Aikin Ke Gudana

Da farko za a ɗauki hoton ƙashi a ga yawan karayar da inda ta bi. Ran aiki a yi wa mara lafiya allurar barci, a zura masa bututun numfashi ta hanci don baki ya zama fili. Likita ya haɗa haƙoran sama da na ƙasa ya ɗaure su na ɗan lokaci. Sa'an nan ya tsaga, yawanci ta cikin baki don kada a bar tabo a fuska, ya daidaita bakin karayar, ya huda. Yana hudawa ana zuba ruwan gishiri na asibiti, domin zafin da ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya yana kashe ƙashi, mataccen ƙashi kuwa ba ya riƙe sukuru. In ya gama ɗaurewa sai ya kwance wayar, ya gwada cizon, in ya yi daidai ya ɗinke. Sau da yawa mutum kan farka ya tarar yana iya buɗe bakinsa.

Amma buɗe baki ba warkewa ba ce. Sukuru riƙo kawai yake yi, ƙashin ne ke ɗinke kansa da ikon Allah, kuma sai ya ɗauki makonninsa. Har wajen mako 6 abinci mai laushi za a ci: kunun gyaɗa, da fura da nono, da ƙwai, da romo, da tuwo mai taushi da miyar kuka, da kifin da aka cire wa ƙaya. Goro da rake da aya da kilishi da tsire sai su yi haƙuri. A riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane cin abinci, a sha magungunan da aka rubuta har su ƙare, a nisanci taba domin tana jinkirta haɗewar ƙashi, a kuma koma asibiti ranar da aka ce. Wanda ya yi gaggawar tauna abu mai tauri, sukuru na iya kwancewa, aiki ya koma baya.

Waɗansu kan tambaya ko sai an sake tsagawa an cire ƙarfen. Ga baligi akan bar shi har iyakar rai, sai fa in ya kawo ciwo, ko ya ɓullo ta dasashi, ko wurin ya yi ruwa. Leɓen da ya mutu kuwa yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya farfaɗo, wani lokaci ma ba ya dawowa duka.

Kada kuma a ɗauka kowace karaya sai da sukuru. Da yawa daga cikin karayar gaban kunne ba a tsaga ta. Yara ƙanana ma akan yi taka-tsantsan da su, domin haƙoran girma suna kwance a cikin ƙashin ba su fito ba. Ga kuma batun kuɗi: daga ƙasashen waje ake sayo waɗannan ƙarafa, suna da tsada, shi ya sa a asibitocin Nijeriya da yawa ake ci gaba da ɗaurin waya. Wanda likita ya zaɓa masa waya kada ya ga an rage shi, ita ma tana warkarwa sarai in an yi ta da wuri.

Kammalawa

'Yan'uwa, in an tambaye ni abin da za mu riƙe daga wannan darasi, sai in ce abu uku. Na ɗaya, duk wanda ya faɗi ko aka buge shi, ya ji haƙoransa ba su haɗu daidai ba, asibiti za a nufa da shi a ranar, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙashin da ya fara haɗewa a karkace kuwa gyaransa aiki ne ja. Na biyu, rigakafi ya fi magani. Hular kwano, musamman mai rufe haɓa, kuɗinta bai kai na sukurorin da za a ɗaura wa mutum ba, balle wahalar jinya. Mu gaya wa yayyenmu masu kabu-kabu, mu ma in mun hau mu nema. Na uku, mun ga yadda darasin aikin katako da na kimiyya, waɗanda waɗansunmu ke gudu, suka haɗu suka mai da wa mutum bakinsa. Likitocin wannan fanni ba su da yawa a ƙasarmu, ba kuwa abin da zai hana ɗan Malisa ko 'yar Kalgo zama ɗaya daga cikinsu in an dage da karatu.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Allah ya kiyashe mu da haɗarin hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a karatunmu, amin.